Rantsuwa da Hannun Hagu

Shekara arba'in da ɗaya Kilian ya yi yana riƙe da mabuɗan ƙaramar majami'ar 'Yan'uwan Farar Tuta a garinmu, can bayan kasuwar gishiri, inda hanya take gangarawa zuwa kogin Drau. Shi ne mai shara, shi ne mai kunna kyandir, shi ke jan igiyar ƙararrawa, shi ke korar tantabaru daga rufi. Wannan duk kowa ma zai iya. Abin da ba wanda ya iya sai shi kaɗai shi ne tsarin ranar rantsuwa: wa zai tsaya ina, yaushe za a ɗora takobi a kan bagade, sau nawa za a kaɗa tuta a kan wanda ya durƙusa, a wace gaɓa ce kowa zai yi shiru. Ba a rubuce abin yake ko'ina ba. A bakin tsohon da ya riƙe mabuɗan kafin shi ya koya, shi kansa kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba.

Limamai bakwai suka zo suka wuce a zamaninsa, kowannensu kuma ranar rantsuwa ta gefen ido yake satar kallon Kilian. In ya yi tari sau ɗaya, a durƙusa. In ya gyara tsayuwa, a miƙe. Mutum ne siriri mai dogon wuya, ba ya dariya sai ta kama dole, gwiwoyinsa kuwa tun yana ɗan shekara hamsin suke ƙara kamar tsohuwar ƙofa saboda sanyin dutsen daɓen nan.

Kakanninmu ne suka kafa ƙungiyar, lokacin da dawakin Turkawa suka fara hawowa kwarin nan suna ƙone rumbuna. Mai shiga yakan durƙusa gaban bagade, ya kama sandar tuta da hannun hagu, ya ɗaga na dama, ya rantse cewa kafin shekara da kwana ɗaya zai tafi gabas, zuwa ganuwoyin kan iyaka, ya yi yaƙi domin gicciye. Ladansa shi ne, in ya mutu a kan wannan alkawari, za a riƙa kiran sunansa kowace shekara ranar bikin tuta, a roƙa masa gafara har duniya ta naɗe.

To, mu faɗi gaskiya. Yawancin 'yan'uwan nan fatake ne masu tumbi, waɗanda ko tsanin gidansu ba sa hawa sai da haki. Sukan rantse da murya mai kauri, hawaye har gemu, sannan su aika da doki ko sulke ko wani ƙato ɗan haya a madadinsu, su wuce zauren ƙungiya a zauna wa gasasshiyar dinya da giya. Doka ta yarda da haka, ba wanda ya ce sun yi laifi. Talaka kuwa da ba shi da doki, in ya rantse, ƙafarsa ce dokinsa. A duk shekarun Kilian mutum uku rak suka tafi da kansu. Na ukun shi ne Florian, ɗansa.

'Ya'ya biyar Afra ta haifa wa Kilian, Florian kaɗai ya yi rai har ya yi gemu. Aikinsa tuƙa gungumen katako a kogi, ƙato ne mai fara'a, in ya yi dariya a gada ana jinsa a kasuwa. Tun yana rarrafe yake kallon bikin nan daga bayan ginshiƙi, abin ya shiga jininsa. Ranar da ya ce zai rantse, Afra ta ajiye ludayi ta dubi mijinta.

"Ka ji abin da ka jawo? Kullum tuta, kullum takobi, kullum ka shigo gida kana warin kyandir kana ba yaro labarin jarumai. Ga shi nan ya ɗauka da gaske."

"Ai da gaske ne," in ji Kilian.

"Da gaske ne ga ɗan mai shara. Je ka tambayi Oswald mai gishiri ko nasa ɗan zai je."

Ba ta hana ba, don ba a hana Florian. Ranar rantsuwar, Kilian da kansa ya matsa kusa ya tallafi gwiwar hannun ɗansa na dama, ya raɗa masa, "Ɗaga da kyau, a gan shi daga ƙofa." Da bazara Florian ya tafi tare da ayarin masu alfadarai. Bayan kaka biyu wani mai alfadari ya kawo labari: ciwon ciki ne ya kashe shi a wata ganuwa, tare da wasu da yawa, takobinsa ko fita daga kube bai yi ba. An zuba su rami ɗaya, mutumin bai ma iya tuna sunan wurin ba.

Ba kabari ke nan, ba inda za a je a tsaya. Abin da ya rage wa tsofaffin nan biyu shi ne ranar bikin tuta, lokacin da limami zai buɗe takardar matattu ya ce, "Florian ɗan Kilian, wanda ya tafi bai dawo ba," jama'a su amsa da roƙon gafara. Afra takan wanke farin ɗankwalinta tun saura mako guda. Takan tsaya a baya kusa da ƙofa, ta ji sunan, ta amsa, ta fita, ba ta jiran sauran. Da wannan take rayuwa daga shekara zuwa shekara, shi ma haka, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ana nan sai Oswald mai gishiri ya zama shugaban ƙungiya. Mutum ne mai son a san da shi. Ya je wani babban birni ya ga yadda ake buga littattafai da haruffan darma, ɗari-ɗari cikin 'yan kwanaki, ya dawo kansa na hayaƙi. Ya ce tsarin bikinmu ya fi na kowa kyau, dole a buga shi a aika garuruwa, kowane gari ya kafa nasa reshen, a san cewa daga nan abin ya fito. A lokacin akwai wani mai ɗab'i, Pankraz, da ya kafa matsarsa ta buga littattafai a tsohon rumbun giya kusa da gada. Aka ɗauko magatakardan gari, aka zaunar da Kilian a gabansa, aka ce ya faɗi komai daga fari har ƙarshe.

Kwana tara suka yi. Kilian bai saba faɗin abin da baki ba, da jiki ya san shi. Sai ya fara magana ya tsaya, ya miƙe, ya taka zuwa bango, ya juyo, ya ce, "Sannan a yi haka." Magatakarda ya dafe kai.

"Baba Kilian, 'haka' ba ta rubutuwa. Haka yaya?"

"Haka mana! Ba ka gani?"

Da suka zo kan rantsuwar kanta, magatakarda ya riga ya gaji, alƙalaminsa ya dakushe, cikinsa na kuka. Kilian ya durƙusa ya nuna masa. Shi kuwa ya rubuta, "Sai ya kama tuta ya ɗaga hannunsa kamar yadda yake a hoto," don an riga an ce za a sa hoto a shafin. Ya karanta wa Kilian, Kilian ya ce daidai ne, hoto ai ya fi magana.

Mai yanka wa Pankraz hotuna a katako yana kwance da zazzaɓi a watan nan, Oswald kuma ba ya jira. Sai aka kira Gilg, masassaƙin da ke sassaƙa siffofin waliyyai na majami'u, abokin Kilian tun suna yara. Gwani ne, ba a ja, amma bai taɓa yanka katakon ɗab'i ba, Pankraz kuwa yana can yana faɗa da masu takarda, bai tsaya yi masa bayani ba. Gilg ya sa Kilian ya durƙusa a shagonsa da sandar tsintsiya a madadin tuta.

"Kar ka motsa, tsohon zakara. Kai, wannan wuya naka, katakon ba zai ishe shi ba."

"Yi sauri, gwiwata za ta balle."

"Ta balle mana, in sassaƙa maka sabuwa. Ɗaga hannun."

Yini guda yana durƙushe. Gilg ya zana shi a kan katakon yadda ya gan shi, hannun dama a sama, ya yanke shi tsaf, har jijiyar wuyan ta fito. Kilian ya duba ya ce ba kuskure ko ɗaya. Ya koma gida yana ɗingishi amma ransa fari, ya ce wa Afra yanzu ko ya mutu abin ba zai ɓace ba.

Littafin ya fito ana gab da fara sanyi, ɗan ƙarami, shafi ashirin da huɗu, guda ɗari biyar, da hatimin amincewar bishop a shafin farko. Oswald ya kawo ɗaya majami'a yana ta washe baki. Kilian ya goge hannunsa a riga, ya buɗe a hankali, ya wuce baƙaƙen da ba su ce masa komai ba, har ya zo kan hoton. Ga shi nan, shi ne, da dogon wuyansa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannunsa na dama ya gwada da na hoton, ya juya littafin, ya juya kansa. Mutumin da ke cikin takardar da hagu yake rantsuwa.

Ko hula bai ɗauka ba ya nufi rumbun Pankraz. Ya same shi hannu dumu-dumu da tawada, ana ta matsa wani aikin daban. Pankraz ya dubi shafin, ya yi tsaki, ya ɗauko katakon daga kan kanta ya ajiye kusa da shi.

"Ka gani? A katako dama ne. In ka kifa shi a takarda sai ya juye, kamar yadda kake ganin fuskarka a ruwa. Kowane mai yanka ya san a juye ake zanawa. Wa ya ce a ba mai sassaƙa waliyyai?"

"To a gyara."

"A gyara? Baba, ɗari huɗu sun riga sun bi ayari tun shekaranjiya. Waɗansu sun bi kogi, waɗansu sun haye dutse. Kai za ka bi su ka karɓo?"

Oswald ma dariya ya yi, ya dafa kafaɗarsa. "Haba Kilian, wa zai tsaya duba hannu? Kai dai ci gaba da yi mana yadda ka saba." Gilg kuwa da ya ji, kwana uku bai buɗe shago ba don kunya. Bai kai bazara ta biyu ba ya rasu, ba don wannan ba, tari ne ya ɗauke shi.

Kilian ya ci gaba yadda ya saba, shekara shida. A cikin shekarun nan littafin ya yi tafiyar da shi bai taɓa yi ba. Garuruwa fiye da arba'in suka kafa rassa, ba kuwa wanda ya taɓa ganin bikinmu da idonsa, hoton suka bi. Har masana suka samo wa abin dalili: wai hagu ce ɓangaren zuciya, wai dama tana kan tuta ne domin ita za ta riƙe takobi. In fatake sun kawo irin wannan labari, Kilian yakan girgiza kai kawai ya ci gaba da shara. Ya tsufa, ya gaji da bayani, kuma a ganinsa abin da ake yi a wani gari ba ruwansa.

A shekara ta bakwai aka turo wani limami, Fada Severin, ya zagaya rassan duka ya tabbatar ana bin tsari ɗaya. Saurayi ne mai ilimi, fari sol, mai magana a hankali, da littafin nan a aljihunsa duk gefensa ya lanƙwashe don karatu. Ya iso garinmu saura kwana goma bikin tuta, ya tarar ana rantsar da wani ɗan mai fata. Yaron ya ɗaga dama, sai Fada ya ce, "Dakata." Ya buɗe littafi ya nuna wa limaminmu, limaminmu ya dubi Kilian, Kilian ya yi tari, amma a karon farko ba wanda ya durƙusa.

Washegari aka tara 'yan'uwa a zaure, Fada ya yanke hukunci. Duk rantsuwar da ba ta bi littafin da bishop ya sa wa hatimi ba, ba rantsuwa ba ce. Masu rai su sake. Wannan bai dami kowa ba, a yammacin nan suka jeru su sittin suna ɗaga hagu suna ƙyalƙyala dariya, Oswald har yana tambaya ko za a sake yanka dinya. Matattu kuwa ba sa sake rantsuwa. Waɗanda suka aika da doki suka mutu a gadonsu, iyalansu suna da kaburbura da addu'o'in da suka tanada, ba su ko ɗaga kai ba. Amma sunaye ukun nan na waɗanda suka tafi da ƙafarsu, Fada ya ce a cire su daga takarda. Biyu ba su da kowa a garin. Na ukun yana da uwa da uba.

Kilian ya je neman katakon. Pankraz ya daɗe da kwashe kayansa ya koma wani gari, wanda ya gaji rumbun ya ce tsofaffin katakai an feƙe fuskarsu tuntuni an yanka hoton kalanda. Magatakarda ya ce shi abin da aka faɗa masa ya rubuta, kar a sa shi a ciki. Oswald ya ce yana da baƙi. Kwana huɗu tsohon nan yana hawa yana sauka a titunan garinmu, yana dafa bango, mutanen da ya koya wa durƙuso suna gaishe shi da sauri suna wucewa. Abin kunya ne, kuma dukanmu muna ciki.

A rana ta biyar ya sami Fada Severin shi kaɗai a ɗakin ajiyar kayan majami'a yana rubuta wasiƙa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ne mutumin da ke cikin hoton nan."

Fada ya ɗago, ya dubi wuyansa, ya dubi littafin. "Lallai kuwa. To ka ga, kai da kanka ka ɗaga hagu."

"Ban taɓa ba. Ara mini zobenka."

Fada ya yi mamaki, amma ya zare zoben hatiminsa ya miƙa masa. Akwai siffar ɗan rago a jiki.

"Ina ragon yake kallo, ranka ya daɗe?"

"Wajen taga."

Kilian ya ɗiga kakin kyandir a kan tebur, ya danna zoben, ya ɗaga, ya ajiye shi a gefe yana kallon sama. Ragon zobe na kallon taga, ragon kaki na kallon ƙofa. Ya ba shi labarin Gilg, da sandar tsintsiya, da zazzaɓin mai yanka, bai ƙara komai ba bai rage ba.

Fada Severin ba wawa ba ne, wannan dole a faɗa. Ya gane nan take. Ya zauna yana kallon kakin nan har ya daskare. Kilian ya ɗauka an gama.

"Baba," in ji Fada a ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa, "na yarda da kai. Amma ka san mutum nawa suka rantse da hagu cikin shekara shidan nan? Ni da kaina na rantsar da fiye da ɗari uku. Daga gari ɗaya kawai, can ƙasa, samari goma sha tara suka tafi bara, bakwai suka dawo. Iyayen sauran suna tsayawa a bakin ƙofa su ji sunan 'ya'yansu, kamar matarka. In na rubuta cewa dama ce daidai, sunayensu za a cire. Ka ce in yi?"

Kilian ya so ya ce a bar duka biyun mana, Allah ai ya san hannun kowa. Ya ma faɗa. Fada ya ce shi ma haka yake gani a ransa, amma ba a aiko shi ya ga dama ba, an aiko shi ya mayar da tsari ɗaya, kuma waɗanda suka aiko shi ba za su yarda hatimin bishop ya hau kan kuskure ba.

"Hanya ɗaya ce na sani," ya ce. "Wanda yake jininsa zai iya durƙusawa a madadinsa ya yi rantsuwar yadda take a littafi, da sunan mamacin. In an yi haka, sunan ya zauna."

"Rantsuwar duka?"

"Duka. Amma kai tsoho ne, ba wanda zai tambaye ka komai bayan nan."

Da ya koma gida ya tarar Afra ta shanya farin ɗankwalin a igiya, don ita ba ta fasa ba. Ya gaya mata yadda suka yi. Ta saurara tana tsinke ganyen kabeji, ba ta dube shi ba.

"To me kake jira? Ka ɗaga musu hagun. Ka ɗaga musu ƙafa ma in ita suke so."

"Shekara arba'in da ɗaya, Afra. In na ɗaga hagu a gaban jama'a, na ce duk abin da na yi ƙarya ne. Na ce ni na riƙe hannun yaron nan na sa shi ya yi ba daidai ba."

"Ka faɗa mana! Wa ya damu? Ni ban san dama ba ban san hagu ba, Baban Florian. Ɗana na sani. Ba ni da kabari, ba ni da rigarsa, ba ni da ko igiyar takalminsa. Suna ɗaya ne nake zuwa in ji sau ɗaya a shekara, shi ma za ka bari a ƙwace don kar a ce tsohon mai shara ya yi kuskure?"

Sai ta fashe da kuka, ita da ba a taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da mai alfadari ya zo. Kilian ya zauna a kan kututture yana murza gwiwa. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar bikin tuta majami'a ta cika har waje, don labari ya zaga. Fada Severin ne ya ja bikin, littafi a buɗe a hannunsa, ba wanda ya saurari tarin kowa. Da aka zo wurin, Kilian ya fito daga bayan ginshiƙi. Sai da mutum biyu suka kama shi kafin ya kai ƙasa. Ya miƙa hannun hagu zai kama tuta, jiki ya riga ya saba, ya tuna, ya janye, ya kama da dama. Ya ɗaga hagun. Hannun bai kai ko kunnensa ba. Ya faɗi rantsuwar daga fari har ƙarshe ba tare da an karanta masa ba, da sunan Florian ɗan Kilian, cewa kafin shekara da kwana ɗaya zai tafi gabas zuwa ganuwoyin kan iyaka. Aka kaɗa masa tuta. Da aka buɗe takardar matattu, sunan yana nan, Fada ya kira shi a hankali, jama'a suka amsa, muryar Afra ta fi ta kowa fitowa daga can baya.

A zaure Oswald ya cika masa kofi da kansa, ya ce, "Shi ke nan, an wuce wurin. Ka ga abin ba wuya." Kilian ya riƙe kofin bai sha ba.

Duk lokacin sanyin nan Kilian shiri yake yi a hankali. Ya nuna wa wani magidanci mai suna Wendel inda ake ajiye kyandir da yadda ake lallaɓa mabuɗin ƙofar baya, sauran kuwa ya ce ya duba littafi. Ya gyara rufin gidansu, ya faskara itacen da zai kai Afra shekara biyu, ya kai takalmansa aka sake musu ƙasa. Afra tana kallo, ta gane tun ranar da ya fara faskaren, amma ta ƙi tambaya don kar a ba ta amsa.

Da ƙanƙara ta narke, ayarin farko na masu alfadarai ya taru a ƙofar gabas da hantsi. Kilian ya fito da sanda da ɗan ƙunshi. Afra ta biyo shi har ƙofar, tana tafe tana faɗa, mutane na juyowa.

"Fada da bakinsa ya ce ba wanda zai tambaye ka. Oswald ya rantse sau biyu, ga shi can yana auna gishiri. Kai da ba ka iya hawa matakalar majami'a sai ka huta, ina za ka? Wa za ka yaƙa? Ko gada ta biyu ba za ka kai ba!"

"Wataƙila."

"To don me?"

Ya tsaya ya jingina da sanda. "Da sunansa na rantse, Afra. Da nawa ne, da na zauna, in ɗauki zunubin. Yaron nan ya faɗa sau ɗaya ya cika. In na zauna a gida, na mayar da shi wanda ya rantse bai je ba, kuma shi za a riƙa kira kowace shekara."

Ta fizge ƙunshin daga hannunsa, ta kwance, ta ga baƙin burodi rabi ne kawai a ciki, ta yi tsaki, ta ciro cuku da busasshen nama daga cikin zanenta, waɗanda ta riga ta naɗe tun a gida, ta cusa ta ɗaure da ƙarfi. Ta rataya masa a kafaɗa, ta riƙe igiyar ba ta saki ba.

"Suna ɗaya na ce ka dawo mini da shi," ta ce. "Ban ce ka ƙara mini na biyu ba."

"Ki riƙa tsayawa har a gama, kar ki fita da wuri," in ji Kilian. "Sababbi a ƙarshe ake kiransu."

Shugaban ayari ya daka tsawa, alfadarai suka motsa. Ta saki igiyar. Ya bi bayan na ƙarshe yana ɗingishi, tun ba a kai gangaren kogi ba har sun fara ba shi rata.